Yadda ake tatsar man ƙamshi daga kanumfari da ganyen turare, da yadda ake gwada ƙarfinsa a kan ciyawa da ƙwayoyin cuta

Wanda ya taɓa noma gonar da ke maƙwabtaka da layin bishiyoyin turare ya san kunyoyin da ke kusa da su ba sa yin abin kirki. Gero ya fito a tsumbure, ciyawar ma ta ƙi yin kauri. Wanda kuma ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san abin da ƙwayar kanumfari ke yi idan an danne ta a wurin: harshe ya yi dum, zugin ya lafa na ɗan lokaci. A duka biyun akwai hannun wani mai da tsiro ke ɓoyewa a jikinsa, wanda shi ne ƙamshin da hanci ke ji idan aka murje ganye.

Wannan mai yana aiki, ba tatsuniya ba ce. Amma an cika zuzuta shi har ana sayar wa mutane da shi a matsayin maganin kowace cuta, shi ya sa nake ganin gara mutum ya tatsa da hannunsa, ya gwada, ya ga inda ƙarfinsa ya kai da inda ya tsaya. Gani ya kori ji.

Mene ne wannan mai, kuma me ya raba shi da man gyaɗa

Ɗauki farar takarda, ka ɗiga man gyaɗa a gefe ɗaya, man turare na asali a ɗaya gefen, ka ajiye ta kwana ɗaya. Man gyaɗa zai bar maiƙo har abada. Na turare zai bi iska ya tafi, kusan ba tabo. Shi ke nan bambancin: man gyaɗa, man riɗi, man darbejiya da man habbatus sauda matse su ake yi daga ƙwaya, masu nauyi ne, ba sa tashi. Man ƙamshi kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne, zafi kaɗan ke tashinsu. Wannan gwajin takarda shi ne kuma hanyar kama mai sayar da gauraye. Na taɓa sayen kwalbar da aka rantse mini zalla ce, da na ɗiga sai ga maiƙo ya zauna daram, an tsinka ta da man girki.

Yawancin sinadaran da ke cikin man ƙamshi dangin tarfin ne, waɗanda tsiro ke ginawa da tubali mai kabon 5. Tubali biyu ya ba da mai kabon 10, uku ya ba da mai kabon 15. Siniyol na ganyen turare mai kabon 10 ne, haka sitiral na ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami da ake sawa a shayi, wato ciyawar lemo, wadda a Nijar ake ce wa sitronel, haka kuma taimol da ake samu a wasu nau'o'in daddoya. Yujinol na kanumfari daga wani gida daban ya fito, gida ɗaya da sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta.

Abin da ya haɗa su, wanda kuma shi ne sirrin aikinsu, ba sa shiri da ruwa, kitse suke so. Kowace ƙwayar bakteriya tana cikin wani siririn tantani ne na kitse, shi ke tsare abin da ke cikinta. Idan yujinol ko taimol ya same shi sai ya kutsa tsakanin kitsen ya sassauta shi, gishirin fotashiyam da sauran kayan ciki su fara yoyo, ƙwayar ta kasa haɗa ƙarfin da take rayuwa da shi, ta mutu. Ganyen ciyawa ma haka ne: man ya narkar da kakin da ke rufe ganyen, ya huda tantanin ƙwayoyinsa, ruwa ya tsiyaye, rana ta ƙarasa aikin. Ka riƙe wannan sosai, domin fatarka da dasashinka da cikin ɗanka su ma da irin wannan tantanin aka yi su.

Mataki na farko: zaɓen abin da za a tatsa

Mai fara koyo ya fara da kanumfari, don shi ne ba ya ba da kunya. Busasshen kanumfari mai kyau yana ɗauke da mai kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa, kuma kashi 70 zuwa 90 na man yujinol ne. Asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya ne, daga baya Zanzibar da Pemba da Madagaska suka shahara da nomansa. Wajen saye ka danna ƙwaya ɗaya da farce, idan mai kyau ce za ka ga mai ya ɗan fito. Ko ka watsa kaɗan a kofin ruwa: mai kyau zai nutse ko ya tsaya a tsaye, kansa a sama, wanda aka riga aka tsotse masa mai kuwa zai kwanta yana yawo a kan ruwa. Giram 100 ya isa.

Ganyen turare da ciyawar lemo ba su da yawan mai haka. Ciyawar lemo ɗanya takan ba da ƙasa da kashi 1 cikin 100, wato kilo guda ya ba ka 'yan mililita kaɗan, amma fiye da rabin man sitiral ne. Turaren da aka fi shukawa a layukan kare hamada na Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato daga Ostareliya ya samo asali, kuma yawan mansa ya danganta da bishiyar da kuma lokaci. Ɗaga ganye ɗaya ka duba shi ta hasken rana, za ka ga ƙananan ɗige-ɗige masu haske birjik, jakunkunan man ke nan. A yanki ganye da hantsi bayan raɓa ta bushe, a shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu ya yi yaushi, kada a kai shi rana domin abin da ake nema zai gudu. A daddatsa shi tsawon ɗan yatsa.

Mataki na biyu: haɗa tukunyar tatsa

Idan ka taɓa ganin ana turara dambu, ka riga ka fahimci rabin aikin. Ruwa na tafasa a ƙasa, tururi ya ratsa ta hudojin madambaci ya bi ta cikin tsaki. A nan ma haka ne, sai dai tururin da ya ratsa ganyen ba a bari ya tafi, kama shi ake yi a sanyaya shi ya koma ruwa. Dabarar tsohuwa ce, masanan Musulmi irin su al-Kindi na Bagadaza a ƙarni na 9 sun yi rubutu a kan tatsar turare ta wannan hanya.

Akwai abin mamaki a ciki. Yujinol shi kaɗai ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 254 a ma'aunin Salshiyos, zafin da zai ƙone kanumfarin ƙurmus. Amma idan mai da ruwa waɗanda ba sa gauraya suka haɗu a tukunya ɗaya, kowanne yana tura nasa tururin, turin biyun ya taru, sai su tashi tare a ƙasa da digiri 100 kaɗan. Ruwa ne ke goya man ya fito da shi ba tare da ya ƙone ba.

Kayan aiki: tukunyar firesha ta silba ko ta alminiyam, sabon bututun jan ƙarfe siriri irin wanda masu gyaran firji ke amfani da shi mai tsawon mita 2 zuwa 3, guntun tiyo mai jure zafi, bokiti, kwalbar gilashi mai siririn wuya, da sirinji. Na ce sabon bututu, kada ka karɓi wanda aka ciro daga tsohon firji ko da kyauta ne, akwai man inji a cikinsa. Kada kuma ka yi amfani da tukunyar baƙin ƙarfe, yujinol yana haɗuwa da ƙarfe ya yi duhu.

Nannaɗe bututun a jikin tabarya ko babbar kwalba ya zama kamar gammo mai hawa-hawa, kowane zagaye ya gangara ƙasa da wanda ke samansa. Idan wani wuri ya yi kwari, ruwa zai kwanta a nan ya riƙa tofo maka shi da ƙarfi. Huda bokitin ta gefe kusa da gindi, fito da ƙarshen bututun ta nan, ka toshe gefen hudar da gam. Cire ɗan nauyin nan da ke kan murfin tukunyar, wanda ke yin fito, ka ajiye shi can nesa, sannan ka haɗa bakin da ya bari da saman bututun ta hanyar tiyon. Kafin ka kunna wuta, hura bututun da baki ka tabbata iska na fita ta ɗaya ƙarshen.

Nan ne haɗarin aikin yake, don haka zan nanata. Hanyar tururi ta kasance a buɗe tun daga tukunya har bakin kwalba, kada a toshe ko'ina, kada a cusa bututun ya matse bakin kwalbar. Kada kaya da ruwa su wuce rabin tukunya, domin kumfa ko guntun ganye na iya hawa ya toshe hanya. Idan ɗigo ya tsaya alhali wuta na ci, kashe wutar nan take, ka jira tukunyar ta huce kafin ka taɓa murfin.

Wanda bai da tukunyar firesha zai iya sa ganye da ruwa a babbar tukunya, ya kafa dutse mai tsabta a tsakiya, ya ɗora kwano a kai, ya kife murfin ta baya ya zuba ƙanƙara a cikinsa, ya liƙe gefen da tsumma kamar yadda ake wa madambaci. Zufar murfin za ta ɗiga cikin kwanon. Ruwan ƙamshi za a samu, man kaɗan ne.

Mataki na uku: tatsa da rabewa

A ɗan ɓarza kanumfarin a turmi, ba a mai da shi gari ba, a ƙulle shi sako-sako a farin ƙyalle mai tsabta, a sa a tukunya da ruwa kamar lita ɗaya da rabi. Idan ganye ne, a kafa rariya ko kwando na ƙarfe a saman ruwan a danna ganyen a kai sosai, har gefe-gefe, don kada tururi ya sami hanyar zillewa. A cika bokiti da ruwan randa.

Wuta matsakaiciya ake so. Da ya tafasa a rage ta har ɗigo ya riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya da ɗan sauri, ba kwarara ba. Taɓa abin da ke ɗigowa: idan da sanyinsa, lafiya. Idan da zafi, ko kana ganin tururi na fita ta bakin bututu, ko ƙamshi ya cika gidan, to manka ne ke tafiya a iska. Kwashe ruwan saman bokitin da ya yi zafi ka ƙara mai sanyi. Wannan canjin ruwa shi ne wahalar aikin, kuma ba a barin wurin. Awa 2 zuwa 3 ake ɗauka, a kula kada tukunya ta ƙafe.

Abin da zai fito daga kanumfari fari ne kamar tsinkakkiyar madara. Idan ɗigon ya koma garau, an gama. Rufe kwalbar ka ajiye ta wuri mai sanyi ta kwana. Da safe kada ka nemi man a sama, a ƙasa yake, ƙwallaye masu ruwan zuma kwance a gindin kwalba, domin yujinol ya fi ruwa nauyi kaɗan, mililita ɗaya tana kai giram 1.06. Mutane da yawa sukan tsiyaye ruwan su zubar da gindin suna cewa datti ne. Man turare da na ciyawar lemo su kam sun fi ruwa sauƙi, a wuyan kwalba suke taruwa, shi ya sa ake son mai siririn wuya. Zuƙe da sirinji a hankali, ka juye nan da nan, domin man yana cin robar sirinji idan ya daɗe a ciki. Ni kofin roba ya koya mini wannan: na bar man ciyawar lemo a ciki, da na dawo gindin ya yi laushi ya yi fari.

A zuba a ƙaramar kwalbar gilashi mai duhu, a cika ta don iska ta rage, a toshe sosai, a rubuta suna da kwanan wata. Haske da zafi da iska suna lalata sitiral da wuri. A ɗora ta inda hannun yaro ba zai kai ba, kuma nesa da wuta domin tana kamawa. A makarantu ana yin wannan aiki duka da na'urar gilashi ta Clevenger, wadda aka fitar a 1928, mai ma'auni a jikinta da ke nuna yawan man da ya taru.

Mataki na huɗu: gwaji a kan iri

Wannan kowa zai iya yi a gida. Nemi irin alayyahu ya wakilci ciyayi masu faɗin ganye, da gero ya wakilci dangin harkiya da ƙarangiya. Na zaɓe su ne don suna tsirowa da wuri kuma tare. Irin ciyawar daji yakan yi barci, wani ya fito yau wani sai baɗi, sai ya rikita maka lissafi.

Tunda mai ba ya shiga ruwa, sai an yi musu dillali. Auna mililita 1 na sabulun ruwa na wanke kwanuka cikin lita ɗaya ta ruwa, ka motsa. Da wannan ruwan za ka yi komai. Zuba mililita 1 na man cikin mililita 99 na ruwan sabulun ka girgiza sosai, ka sami kashi 1 cikin 100. Ɗebi rabinsa ka ƙara masa ruwan sabulu daidai yawansa, ya zama 0.5. Sake raba wannan, 0.25. Sake rabawa, 0.125.

Shimfiɗa takardar goge hannu ninki biyu a cikin ƙananan faranti ko kwalabe masu faɗin baki da murfi. Kowanne a jera iri 20, a zuba mililita 5 na haɗin, a girgiza haɗin kafin kowane zubi, a rufe. Kowane ƙarfi a yi masa faranti 3, domin faranti ɗaya na iya yin ƙarya.

Sai abin da ya fi komai muhimmanci, wanda nake kira farantin shaida. Iri biyu ne: ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ruwan sabulu ba mai. Karon farko da na yi wannan gwaji na zuba sabulu da ido, da yawa, kuma ban yi shaida ba. Ba ko ƙwaya ɗaya da ta tsiro, na yi ta murna na sami maganin ciyawa. Da na sake da shaida, sai na tarar sabulun kaɗai ya isa ya hana su fitowa. Idan irin da ke farantin sabulu bai tsiro kamar na ruwa zalla ba, rage sabulun ka sake daga farko.

Ajiye su wuri ɗaya a ɗaki, faranti masu mai nesa kaɗan da na shaida saboda tururin man. Kullum a lokaci ɗaya ka ƙirga waɗanda suka fasa, har kwana 7. Ranar ƙarshe ka auna tsawon saiwar kowanne da rula. Saiwa ta fi ƙirga faɗin gaskiya: sau da yawa iri zai tsiro amma saiwar ta tsaya guntuwa, bakinta ya yi ruwan ƙasa, domin sinadarai irin su siniyol suna hana ƙwayoyin bakin saiwa rabuwa. Lissafin kuwa, a ce matsakaicin tsawon saiwa a shaida santimita 4 ne, a farantin mai kuma santimita 1. Cire 1 daga 4, raba da 4, ninka da 100: man ya danne saiwar da kashi 75.

Kada abin da ka gani a faranti ya ɗauke ka. Faranti rufaffe ne, man ba shi da wurin gudu. A gona kuwa rana ta tashe shi, ƙasa ta riƙe wani, ƙananan halittun cikin ƙasa su cinye saura. Masana ma sun taɓa faɗawa wannan rami. Hans Molisch, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, shi ya raɗa wa wannan yaƙin sinadari tsakanin tsirrai suna a 1937. A 1964 Cornelius Muller ya nuna cewa wasu kurmin tsirrai masu ƙamshi a Kalifoniya suna da fili fetal kewaye da su, ya danganta hakan da kafur da siniyol da suke fitarwa. A 1970 sai wani mai bincike, Bartholomew, ya kewaye ɓangaren filin da ragar waya don hana zomaye da ɓeraye da tsuntsaye shiga, sai ga ciyawa ta fito a ciki. Haka gindin turarenmu yake: akwai sinadari, amma akwai inuwa, akwai saiwoyin da ke shanye ruwa, akwai awakin da ke kwana a wurin.

Duk da haka hanyar ta haifar da abin amfani. A 1977 wani ma'aikacin kamfanin sinadarai a Kalifoniya ya lura ciyawa ba ta fitowa ƙarƙashin wata bishiyar ado 'yar Ostareliya mai jan fure kamar burushin wanke kwalba. Binciken sinadarin da ke jikinta ne ya kai ga maganin ciyawar masara da ya shiga kasuwa a 2001 da sunan Callisto.

Mataki na biyar: feshi a kan ciyawar da ta fito

Cika ledojin dashe da ƙasar gona, ka ba su ruwa, ka bar ciyawa ta fito da kanta har ta yi ganye 2 zuwa 4. Haɗa man kanumfari da ruwan sabulu a ƙarfi uku: kashi 2.5, kashi 5, kashi 10. Ga ƙaramar kwalbar feshi ta mililita 100, kashi 5 na nufin mililita 5 na mai da 95 na ruwa. Sa safar hannu da tabarau, ka ba iska baya. A fesa da hantsi, ranar da rana ta buɗe ba hadari, a jiƙe ganyen ko'ina, ana girgiza kwalbar a kai a kai. Wasu ledojin a fesa musu ruwan sabulu kawai.

Cikin 'yan awanni za ka ga ganye ya yi duhu kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, washegari ya bushe. Kada ka yanke hukunci a nan. Man inda ya taɓa kawai yake ƙonawa, ba ya bin jijiya ya sauka saiwa. Ƙaramar ciyawa mai faɗin ganye, wadda idon tohonta ke sama a fili, tana iya mutuwa gaba ɗaya. Dangin harkiya idonsu na can ƙasa a naɗe cikin kube, sai su sake tohowa. Aya-aya da kiri-kiri da tofa kuwa rumbunsu na cikin ƙasa, aski kawai ka yi musu. Shi ya sa za ka duba a kwana na 7, ka sake dubawa a kwana na 14. Kuma man bai san shuka ba bai san ciyawa ba, idan ya taɓa tumatir zai ƙone shi.

Yanzu ɗan lissafi. Famfon feshi na goyo mai lita 16 a ƙarfin kashi 5 yana buƙatar mililita 800 na mai. Ko da ka tatse kanumfari tas, wannan ya haura kilo 4. Idan da ciyawar lemo ce, maganar ɗaruruwan kilo ake yi. Don haka ni ban ga hikimar kai wannan gonar hekta ba, fartanya ta fi shi araha nesa ba kusa ba. Inda yake da amfani shi ne ƙaramin wuri: fangalin reno kafin irin da ka shuka ya fito, tsagar daɓe, gindin katanga, lambun cikin gida inda ba a son maganin feshi na kanti.

Mataki na shida: gwaji a kan bakteriya

Wannan ba na gida ba ne. Renon bakteriya na nufin mai da ƙwaya kaɗan ta zama miliyoyi, kuma ba ka san wadda ka rena ba. A ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ko asibiti ake yi, ƙarƙashin mai kula da ɗakin. Ɗalibai masu aikin kammala karatu nake wa wannan bayani.

Hanyar da aka saba ita ce ta faifan takarda, wadda Kirby da Bauer suka daidaita a 1966. A zuba abincin reno na Mueller-Hinton kaurin milimita 4 a farantin Petri. A ɗauki bakteriya iri biyu aƙalla, Staphylococcus aureus da Escherichia coli, a tsinka kowace a ruwan gishiri har gurɓatarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, a shafe fuskar farantin da ita. A ɗiga mikrolita 10 na man, zalla ko wanda aka tsinka, a kan faifan takarda mai faɗin milimita 6, a ɗora. A sa faifai na shaida biyu: ɗaya mai ɗauke da abin da aka tsinka man da shi kawai, ɗaya na sanannen magani kamar jentamaisin. Mai iri ɗaya a faranti ɗaya, domin tururin wani yana shafar maƙwabcinsa. A liƙe gefen, a sa a na'urar ɗumi a digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24, sannan a auna faɗin da'irar da ta fita fes kewaye da faifan da milimita.

Galibi za ka ga da'irar Staphylococcus ta fi girma. Dalili shi ne rabon da rinin Hans Christian Gram na 1884 ya nuna: dangin Escherichia coli suna da ƙarin riga ta waje wadda ke tare abubuwa masu son kitse. Wata bakteriya 'yar wannan dangi mai suna Pseudomonas aeruginosa tana cikin masu taurin kai sosai a wannan fanni.

Ga kuskuren da nake yawan gani, kuma yana damuna domin daga takardar ɗalibi yake tsallakawa bakin masu talla. Ɗalibi ya ga da'irar man kanumfari ta kai ta jentamaisin, sai ya rubuta cewa kanumfari ya kai maganin asibiti. Faifan jentamaisin mikrogiram 10 ne a jikinsa. Mikrolita 10 na man kanumfari zalla ya haura miligiram 10. Ninki dubu ke nan. Ga shi kuma mai ba ya ratsa abincin reno mai ruwa-ruwa yadda magani ke yi, don haka faɗin da'ira ba ya auna ƙarfi daidai. Mai son lamba ta gaskiya ya nemi mafi ƙarancin ƙarfin da ke hana girma: a jera bututun gwaji da romon reno, a sa ɗan Tween 80 don man ya gauraya, a riƙa raba ƙarfin biyu daga bututu zuwa bututu, a zuba bakteriya daidai wa daida, a kwana. Tunda man da kansa yana sa romo ya yi fari, ido kaɗai ba ya isa. A ɗiga rinin risazurin, wanda ke juyawa daga shuɗi zuwa ruwan hoda inda ƙwayoyi ke raye. Bayan an gama, komai ya shiga tukunyar kashe ƙwayoyi a digiri 121 na minti 15 kafin a zubar.

Abin da bai kamata a yi da shi ba

Kada a sha. 'Yan mililita kaɗan na man turare sun isa su sa yaro jijjiga ko suma, man kanumfari kuma yana lalata hantar yaro idan ya haɗiye kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu. Idan hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a shafa wa jariri a hanci ko ƙirji, mai juna biyu ma ta nisance shi. Zalla a kan fata yana ƙuna. Idan ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15.

Likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa yujinol da farin garin zinki su cike ramin haƙori na wucin gadi, kuma taimol da siniyol suna cikin wasu ruwan kurkure baki na kanti, amma a awo ƙanƙani da aka ƙididdige. Ɗigon man kanumfari a kan auduga zai iya kwantar maka da zugi zuwa wayewar gari, idan ya zauna a dasashi kuma ya ƙone shi, kuma ramin yana nan sai likita ya duba. Taifot, ciwon sanyi, gyambon da ya ruɓe, duk na asibiti ne.

Ruwan ƙamshin da ya rage bayan ka zuƙe man kada ka zubar. Yana ɗauke da ɗan abin da ya narke, za ka iya goge tebur ko daɓe da shi bayan an wanke da sabulu, ko ka sa shi a layin gwajin irinka a matsayin faranti na daban ka ga ko shi ma yana taɓa saiwa. Ba ya daɗewa kamar man, a firji za a ajiye shi, kuma da ka ga ya fara yauƙi ko ƙamshin ya juya sai a zubar.